Kunnen Ermete

Ermete ya turo jan babur ɗin daga falo, inda ya kwashe watannin sanyi kusa da murhu kamar baƙo mai daraja, ya kafe shi a ƙarƙashin ɓaure. Lahadin farko ce bayan wucewar sanyi. Hazo bai gama tashi daga gonakin inabin garin Brisighella ba, kawunan tuddai kaɗai ake hangowa, suna iyo a cikin fari.

Shekara arba'in da ɗaya suna tare shi da babur ɗin, kuma ƙafar babur ɗin nan ba ta taɓa taka garejin makanikai ba. Ina! Ermete ne fa, wanda ya ishi kowa a shagon kofi da dokarsa: duk wanda ba zai iya gyara babur ɗinsa da kansa ba, ya sauka ya hau bas. Da wannan magana ya sauke abokinsa Primo daga kan babur bara waccan, lokacin da hannun Primo ya fara rawa. Yau ƙarfe goma abokai za su haɗu su hau hanyar garin Marradi, kuma Ermete tsoro yake ji, tsoro na gaske, domin kunnuwansa sun daɗe suna yi masa rowa.

Babur ne mai kafireta biyu, sai numfashinsu ya zo ɗaya yake tafiya da daɗi. Tsofaffin hannu irin su Ermete ba ruwansu da na'ura. Guntun tiyo suke sawa, baki ɗaya a kunne, ɗaya a bakin kafireta, su saurari ta gaba, su saurari ta baya, su yi ta murɗa ɗan noti har shaƙar ta daidaita.

Ya canza baƙin mai, ya goge filogi, ya buga sau biyu, injin ya kama. Ya ji girgizarsa a tafin ƙafa, ya ji ta a ƙirji. Ya kai tiyo kunne. Shiru, sai wani shuuu can nesa, irin na teku.

Ya lumshe ido, hanyar ta zo masa da kanta. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, inuwa tana zubowa a kan tanki tana zamewa, ƙanshin ciyawar da aka yanka, matarsa Nives tana 'yar shekara ashirin da biyar ta ƙanƙame shi ta baya, gyalenta ruwan ɗorawa yana kaɗawa. A can ciki babu abin da ya ɓace masa. Yana jin kowane bugu na injin, yana jin kuloci yana kacau-kacau, har dariyarta yana ji a gefen wuyansa. Da za a bar shi, da a can zai zauna.

Aka taɓa kafaɗarsa. Nives ce ta yau, furfura a kai, gari a hannu har gwiwa, bakinta yana motsi.

"Me kika ce?"

"Na ce kafiretar baya ce, kurma! Ta baya tana shaƙa da yawa!"

"Ke me kika sani? Koma kan taliyarki."

"Tun daga kicin nake jin sa yana ɗingishi. Ba ni nan."

Ta fizge tiyon, ta durƙusa da ƙyar, ta kai kunne. Ta miƙo hannu ba ta ko dube shi ba, shi kuma kamar a mafarki ya ɗora mata sukundireba. Ta murɗa kaɗan, ta saurara, ta koma ta gaba, ta dawo, ta ƙara ɗan ƙiris. Girgizar da ke tafin ƙafar Ermete ta lafa, ta zama sumul. Wannan kam ko kurma ya san ya yi.

Ya kashe injin. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Nives, don Allah kada su Primo su ji."

"Au, yau ka san Allah?" Ta goge hannu a jikin rigarta. "Shekara uku ke nan ina yi, ka taɓa jin na faɗa wa wani?"

"Shekara uku?"

"Da ka shiga wanke hannu nake fitowa in gyara ɓarnar da ka yi. Ka dawo kana hura hanci, wai kunnenka na zinariya. Yau dai gwiwata ba za ta iya sanɗa ba, shi ya sa."

Ermete ya zauna a bakin rijiya. Ya tuna Primo zaune a shagon kofi, hannu a ƙarƙashin tebur, yana kallonsu suna tashi. Ƙararrawar coci ta buga tara da rabi. Bai ji ba, tashin tattabarai daga hasumiya ya gani.

"Ke da kika yi shekara arba'in kina cewa in sayar da shi."

"Har gobe ma ina cewa. Amma in dai za ka hau, ba za ka hau mini gurgu ba. Tashi, za ka makara."

Ya tashi. Ya ɗauko hular kwano, ya juya ta a hannu, ya daɗe yana kallon cikinta. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da ta biyu, ya kakkaɓe mata ƙura.

"Ta gidan Primo zan bi," ya ce. "Akwai wurinsa a baya."