Hanta Tana Tohowa

Da Garzali ya ga Inna Tasalla ta fito da kwanon kunu a cike yadda ta shiga da shi, jikinsa ya ba shi cewa maƙwabcinsa ba zai ga kaka ba.

"Ko ludayi ɗaya, Inna?"

"Ko leɓe bai jiƙa ba. Shiga, tun ɗazu yake cigiyarka."

Maƙwabcin nasa, Farfesa Uzairu, ƙanin Inna Tasalla ne. A ƙasashen waje ya ƙare ƙuruciyarsa, yana koya wa likitoci yadda ake yankar hantar mai rai a dasa wa mara lafiya. An ce a can, da wuya likita ya yi rubutu kan dashen hanta bai ambaci sunansa ba. A nan unguwar, kusa da Bebeji, Mai-tsintar-gyaɗa ake kiransa, saboda ba ya wuce shanya bai durƙusa ya tsince masu fumfuna ba, yana cewa su ke cinye hanta. Shi kaɗai ya dawo, ba mata ba ɗa. Ƙauyen da aka binne cibiyarsa kuwa tuni ruwan Tiga ya shanye shi.

Garzali ya tsuguna daga bakin gado yana murza hula. A gida ya baro 'yarsa Muhsina, ido kamar gwaiduwar ƙwai, ciki a kumbure. An sha jiƙon shawara har an gaji. A Kano likitoci sun ce hantar ta gaza, sai dashe. Tun daga ranar yake zuwa kullum da maganar a bakinsa, sai ya ga dattijo a kwance, ya yi sannu ya tashi. Ina za a ɗora wa majinyaci kaya? Matarsa Halima har ta gaji da yi masa gori: "Yi ta gaisuwa, Malam, har yarinyar ta tafi."

"Garzali," in ji Farfesa, murya a dushe, "kullum sai ka murje hular nan kamar mai neman aure. 'Yarka ce, ko?"

Garzali ya sunkuyar da kai.

"Tun kafin in kwanta na ga idonta a bakin rijiya. Na yi ta jiran ka yi magana, kada in shiga gidanka ba sallama. Kana jin nauyina, ina jin naka. Mu biyu muka cinye wa yarinya lokaci."

"Ranka ya daɗe, in aka yanki tawa aka ba ta, ni zan tashi? Akwai ƙannenta."

"Ba ka taɓa sare zogale ba? Hanta tana tohowa." Ya numfasa. "Ina da wani ɗalibi, hannunsa ya fi nawa. Gobe da safe ka kawo ta da takardun gwaji, in kira shi a gabanka."

Garzali ya buɗe baki zai tambayi sunan ɗalibin, sai ya ga idon dattijon ya lumshe. Ya ja ƙofa a hankali ya fita.

Kafin la'asar kukan Inna Tasalla ya tsallako katanga.

Sahun jana'izar bai taka kara ya karya ba: masunta, 'yan lambu, sai limamin unguwa. Garzali ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Bai fi nauyin damin kara ba.

Washegari wayar mamacin ta soma ruri ba ƙaƙƙautawa. Inna Tasalla ta miƙo ta daga bayan labule.

"Karɓi abin nan, ɗan nan. Ni ko buɗe ta ban iya ba."

A kulle take, sai dai a amsa kira. Garzali ya zauna da ita a tabarmar zaman makoki. Sunaye na ta haskawa, irin waɗanda karatunsa na firamare bai kai ya furta ba. Yana amsawa, ana Turanci, wasu na kuka, shi kuwa yana cewa, "Allah ya ba da lada." Ya san ba a kawo buƙata a wurin ta'aziyya.

Da hantsi wani ya kira, murya ta namiji, tana rawa. Garzali ya dubi mutanen da ke kan tabarma, ya miƙe ya koma gindin katanga.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Ina da 'ya, sunanta Muhsina."

Ya faɗi komai da Hausa: idon, cikin, maganar zogale. Ya karanto lambar wayarsa a hankali da ɗan Turancin da ya sani. Mutumin bai katse shi ba. A ƙarshe ya faɗi wani abu a tausashe wanda Garzali bai gane ba, layin ya ɗauke.

Da yamma cajin wayar ya ƙare. Garzali ya mayar wa Inna Tasalla, ta ajiye ta a kan gadon da aka naɗe shimfiɗarsa.

A gida ya tarar da Muhsina zaune a inuwar zogale, ta ɗaura sabon ɗankwalinta tun safe, takardun gwaji a cinya. Ya zauna kusa da ita, ya ajiye tasa wayar a tsakaninsu. Har yanzu bai sani ba ko mutumin nan shi ne ɗalibin, ko ma yana jin Hausa.