Yawun Shaiɗan a Kek Ɗin Mama

Tun da Baba ya rasu, Mama ta daina cin abinci. Ba fushi take da kowa ba. Sai dai a ajiye mata faranti, ta yi ta juya cokali har abincin ya huce. Yayana Howard ya zo daga birni, ya ga yadda ta rame, ya ja ni kicin.

"Lorna, in ta ci gaba a haka, gidan kula da tsofaffi zan kai ta. Can akwai masu sa ido."

"Mama ce za ta zauna a gidan da ba ita ke da kicin ba? Ai ka binne ta da ranta."

"To, ki sa ta ci. Ƙarshen wata zan dawo."

Abu ɗaya na san Mama ba ta taɓa mayarwa ba, wato ƙananan kek ɗinta na shayi da 'ya'yan ƙaya, baƙaƙen nan masu ruwa da ke nuna a shingen gonaki da kaka. Ana jiƙa ganyen shayi a madara mai zafi har ta yi ja, a kwaɓa fulawa da bota da sukari da ƙwai da ita, a zuba a kofunan takarda, a nutsa 'ya'yan a ciki. In sun huce a murɗa musu kirim a ka. Da su Mama take cinye gasar kek ta coci duk watan Nuwamba, har matan ƙauyenmu suka gaji da yi mata murna.

Ina da 'ya'yan ƙaya a firiza, na tsinko su tun Satumba kamar kowa. Ai ba mai tsinka bayan tsohuwar ranar bikin mala'ika Mika'ilu a watan Oktoba. A ranar ce aka jefo Shaiɗan daga sama, ya faɗa cikin ƙaya, haushi ya sa ya tofa mata yawu, kuma duk shekara sai ya dawo ya sake tofawa. Mama ce ta koya mana wannan tun muna yara.

Na gasa zubin farko na kai mata. Ta gutsuri kaɗan, ta ajiye.

"Kin yi ƙoƙari," in ji ta.

A bakin Mama wannan zagi ne. Na canza ganyen shayi. Na rage sukari, na ƙara. Na jiƙa shayin a tsohuwar butarta da ba a taɓa wankewa da sabulu ba. Kullum sai ta gutsura ta ajiye, ni kuma in kwashe in kai wa kajin maƙwabta, har suka fara gane tafiyata. Daga nan abin ya wuce tausayi ya zama son sani. Da idona na ga tana yin kek ɗin nan tun ban kai tsawon tebur ba, to me ya ɓace min?

"Mama, me nake mantawa?"

"Ba ki manta komai ba," ta ce, ta mayar da fuska taga.

Sai na nufi gidan Anti Enid, ƙawar Mama kuma babbar abokiyar hamayyarta a gasa.

"Ni kika zo tambaya? 'Yar nan, da na sani ai da kofin gasar yana ɗakina! Shago ɗaya muke sayen shayi da uwarki, kajin mutum ɗaya ke mana ƙwai. Amma nata 'ya'yan ƙayar narkewa suke cikin kek, zaƙinsu har da nauyi. Nawa kuwa tsami kamar fuskar mijina."

"Ba ki taɓa tambayarta ba?"

"Uwarki Winifred? Ta faɗa min? Ita dai wa'azi ta iya. Duk shekara ita ke fara bi gida gida: 'Mata, ranar Mika'ilu ta wuce, kada wadda ta taɓa ƙaya.' Sai ka ce ita ce 'yar aiken Shaiɗan ɗin."

A hanyar gida maganar ta riƙa yi min yawo a ka. Na tuna cewa sai bayan aurena aka sayi firiza a gidanmu. To ina Mama take ajiye 'ya'yan Satumba har Nuwamba? Na tuna hannuwanta duk ƙarshen Oktoba, a kakkarce, tana ɗora wa kyanwa laifi. Na tuna yadda ita da Baba suke fita shan iska a irin wannan lokaci, yana riƙe da sandarsa mai lanƙwasasshen kai, alhali ƙafafunsa garau suke. Na tsaya cak a tsakiyar titi.

Da safe, duk da ranar Mika'ilu ta riga ta wuce, na je shingen bakin hanya, ina waige-waige kamar ɓarauniya. Ni da na yi jika, wai gabana faɗuwa yake. 'Ya'yan da ke rassan ƙasa duk sun yi funfuna. Amma can sama, a ƙarƙashin ganye, akwai manya baƙi ƙirin, sun yi lugub. Na taka dutse na tsinko abin da hannuna ya kai.

Tun a kwano na ga bambanci, ƙullin ya rine ya koma shunayya. Da suka fara gasuwa, wani ƙamshi ya cika gidan, wanda rabona da shi tun bara. Na ji kujerar Mama ta motsa a falo.

Na kai mata ɗaya. Ta gutsura. Ta sake gutsura. Ta cinye shi tas, ta lashe kirim ɗin da ya maƙale a takarda.

"Yaushe kika tsinko?"

"Yau da safe."

Ta daɗe tana kallona. "Kin ba uwarki yawun Shaiɗan ke nan."

"Ba da shi kika rene mu ba?"

Sai ta fashe da dariya, ta farko tun ranar jana'iza, har da tari. "In kika gaya wa Enid, ban yafe ba!"

"Ashe ba ki ma yarda da labarin ba, Mama. Korar mata kawai kike daga shinge."

"Na yarda mana! Ya tofa. Amma babanki ya ce ki duba, mutum ya faɗo daga sama, yana zaune daɓas da ƙaya a ɗuwawu, ina yawunsa zai kai rassan sama? Na ƙasa kawai ya samu." Dariyar ta tsaya. "Shi ke janyo min rassan da sandarsa, ni ina tsinka. Bana ba mai janyowa."

Ashe duk kek ɗin da nake kai mata, rashinsa take ɗanɗana a ciki. Tausayinta ya kama ni, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na yi kukana.

Ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu. "Waɗannan na bakin hanya ne, ina jin hayaƙin mota. Na bayan coci sun fi."

Shingen bayan coci shi ne ya kewaye maƙabarta. Tun da aka rufe Baba a can, ko hanyar Mama ba ta yarda ta bi ba.

"Kira wannan dogon yayan naki," ta ce da kek a baki. "Ki ce kada ya jira ƙarshen wata, tsawonsa ya yi rana. Ki ɗauko min takalmana na roba. Sandar babanku tana bayan ƙofa."