Ranar da Aka Cike Marinar Jibrin

A shekarar da hukuma ta ce za a sake tsarin garin Kalgo, an turo wani malamin awo daga Gwandu, Malam Lukuman, da littafinsa da igiyar awo. Ba mugun mutum ba ne, sai dai a wurinsa wanda bai buɗe baki ba ya yarda ke nan. Aka tara masu sana'a a gindin tsamiyar kasuwa, aka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa: inda titi zai bi, inda mahauta za su koma, da kuma ko marina za ta zauna cikin gari.

Jibrin marini ya zo da maganarsa a baki. Rijiyoyin rini bakwai gare shi, kakansa ne ya haƙa su ya daɓe da hannunsa. Da su yake ci da iyalinsa, ba shi da gona ko taki ɗaya.

Sai Malam Ɗahiru, uban matarsa, wanda gidansa ke jikin marinar, ya riga shi.

"Wanga wari ya ishe mu," in ji tsohon. "A hidda ta bayan gari."

Malam Lukuman ya juya. "Mai marina, kai mi kac ce?"

To me zai ce? Wa ya taɓa musa wa surukinsa a bainar jama'a? Jibrin ya tsuguna, ya sunkuyar da kai. Malamin awon bai san abin da ke tsakaninsu ba, kuma abin haushi, cikin mutum arba'in babu wanda ya gaya masa. Ya rubuta cewa mai marina ya amince.

Bayan mako uku, da hantsi, leburori takwas suka iso da kwandunan ƙasa. Kwando na farko da aka juye cikin rijiya, Jibrin ya ɗauko muciyar da yake motsa baban rini da ita.

"Duk wanda yaƙ ƙara, sai dai a ɗauke shi!"

Wani ya ƙara. Jibrin ya sauke masa muciya a hannu, kowa ya ji ƙarar ƙashin. Sauran suka yo kansa da shebur. Aka fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido, shi kuwa sai duka yake hagu da dama, yana ihu. Ya ji an riƙe masa riga ta baya. Bai duba ba, ya juya da dukkan ƙarfinsa, ya kai muciya.

Malam Ɗahiru ne, ya zo rabon faɗa. Dukan ya same shi a gefen kunne, ya tafi da baya, ya faɗa rijiya ta uku da ka. Jibrin ya yar da muciya ya bi shi. Ko da aka jawo su, tsohon ya riga ya cika, gemunsa ya rine shuɗi.

Dogarai suka zo da igiya. Leburorin kuwa suka ja gefe, suka ce su ba za su zuba ƙasa inda rai ya fita ba.

"Ku dakata," in ji Jibrin.

Ya ɗauki kwando, ya tafi ya ciko shi. Har la'asar yana jida shi kaɗai, jini na ɗiga a kan ƙasar, sai da ya shafe duka bakwai ɗin. Sannan ya miƙa wa dogaran hannuwansa.