Layi Ukun da Suka Tsayar da Aiki

Solvej ba ta ma gama tuɓe rigar ruwanta ba Torben ya fito daga ofishinsa, fuska a murtuke.

"Rubutun nan naki ya tafi yajin aiki," in ji shi. "Tun Juma'a ko fayil ɗaya bai motsa ba."

Torben ne shugaban ɗakin adana tarihi na garin, ita kuwa shekara ashirin da shida ke nan tana kula da kwamfutocinsu. Ta rubuta wa sabuwar na'ura jerin umarni: ta kwafe muryoyin tsofaffin masunta, hira dubu da 'yan kai, zuwa sabuwar ma'ajiya, sannan ta goge tsohon faifan da suke ciki. Kaset-kaset ɗin asali sun daɗe da lalacewa, yawancin masu muryoyin ma sun kwanta dama. Gobe kuma jikokinsu za su zo saurare.

Ta ja kujera, ta ɗora tabarau. A baƙin allon akwai saƙo ɗaya: "Babu rsync a wannan na'ura. Na tsaya."

"Wa ya ba shi izinin tsayawa?"

"Ni." Ta nuna masa layi uku a saman rubutun. "Ka ga `command -v rsync`? Kafin ya taɓa komai sai ya tambaya ko umarnin da ke yin kwafin yana nan. Sabuwar na'urar taka ta zo babu shi."

"To da ba ki sa layukan ba fa?"

"Da ya yi tuntuɓe a wajen kwafi, ya kakkaɓe jiki, ya wuce layi na gaba."

"Wanda ke cewa me?"

"Goge."

Torben ya zauna a gefen tebur ba tare da ya duba ba, saura kaɗan ya danne mata burodin rana. Wuyansa ya yi jawur don kunya. Da aka kawo na'urar shi ne ya ce a bar gwaji, lokaci ya ƙure.

"Solvej, muryar kakana tana ciki."

"Na sani. Ya fi kowa surutu, kaset huɗu ya cinye."

Minti biyu ta ɗauka ta girka abin da ya ɓace, ta sake sakin rubutun. Sunayen fayilolin suka fara gudu a allo. Ta jingina da kujera, ta harɗe hannuwa, wani daɗi yana ratsa ta wanda ba ta yi niyyar ɓoyewa ba.

Can Torben ya yi gyaran murya. "Ina da wasu rubuce-rubuce nawa guda shida. Ko za ki saka mini layukan?"

Ta miƙe, ta juya masa kujerar.

"Wata mai zuwa zan yi ritaya, shugaba. Zauna ka buga da hannunka. Ina kallo."