Allura a Cikin Bututu

Shekarun da Auta ta ƙarar a ɗakin gwajin nan, da aure ne da yanzu ana maganar makarantar yara. Haka yayanta yake mata tsiya, wai digirin digirgir take yi a kan dafa gishiri. Ba ta ganin laifinsa, don dai aikin ya so ya yi kama da haka.

Kamfanonin magani tukunya-tukunya suke aiki: a cika, a sanyaya, ƙwayoyi irin na gishiri su fito, a juye, a wanke, a sake. Ita kuwa dogon bututun gilashi ta haɗa. Ruwan magani ya taso daga tanki ya shiga ta nan da zafinsa, ya huce a hanya, ya fita ta can da ƙwayoyinsa, ba tsayawa. Sai dai maganin nan kama biyu gare shi. Wani sa'in ya fito dunƙule kamar sukari, shi ake so. Wani sa'in ya fito sirara kamar allura, ya sarƙe, ya toshe komai. In ƙurar mai allurar ta faɗa ciki, ko ƙwaya ɗaya ce, sauran duk sai su bi ta, ɗakin ma ya kamu. Shi ya sa ko rigar aikin wani ɗakin ba ta bari a shigo mata da ita.

Wannan ne gwajinta na ƙarshe, da ragowar garin maganin da kamfani ya ba ta, kuma sun ce ba ƙari. In bututu ya wuni yana zubo dunƙulallu, ta gama, sai rubutu.

Ana tsaka da haka sai ga Farfesa, mai duba aikinta, da baƙi daga kamfanin. Shi Farfesa, rabonsa da taɓa kwalba a ɗakin gwaji tun gashinsa na baƙi. Abin da ya rage masa baki ne, kuma Allah ya hore masa shi. Ya kai gwauro ya kai mari yana jawabi a tarurruka kan haɗarin ƙurar nan, har tafi ake masa.

“Wannan na'urar tawa ce,” ya ce wa baƙin, ko kallon Auta bai yi ba. “Bari ku ga abokin gabarmu.”

Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu. Auta ta san abin da ke ciki: garin mai allurar ne.

“Ranka ya daɗe, tankin a buɗe yake, yanzu na ɗebi samfur.”

“Malama, ni za ki koya wa?”

Ya buɗe, ya zazzaga a tafin hannu, ya ɗaga wa haske, baki har kunne. Baƙi suka leƙa suna gyaɗa kai, su ma ba su san ko ɗaya ba. Da ya gama sai ya karkaɗe hannuwansa a nan gefen tankin, kamar wanda ya ci gyaɗa. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Suka fita cin abinci. Auta ta rufe tankin, ta tsaya tana duban gilashin tana addu'a. Ba a jima ba farin da ke yawo a ciki ya fara yin gashi-gashi. Ya kama jikin bututu, ya cunkushe a lanƙwasa, famfon da ke tura ruwan ya yi ta nishi har ya tsaya. Ta kashe shi da hannunta.

Bayan azahar Farfesa ya dawo yana sakace. Ya duƙa ya ƙare wa bututun kallo, ya girgiza kai.

“Na sha gaya miki, aikin nan tsafta yake so. Ku yaran yanzu ba ku da kula. Sai mu nemi wani maganin ki faro daga tushe. Shekara ɗaya ai ba komai ba ce.”

Ta dube shi, ta ji raininsa ya cika mata ciki har wuya. Amma ba wanda zai karɓi kundinta sai da sa hannun mutumin nan, kuma shi ma ya san haka.

“To, ranka ya daɗe,” ta ce.

Wannan “to” ɗin ya fi mata ciwo a kan komai. Ta ɗauko bokiti ta fara kwance bututun.