Muryar Malam a Gaban Alƙali

...wai har rantsuwa zan yi a kan muryarka, Malam. Lauyarmu ta ce tambaya ɗaya alƙali zai yi mini: muryar da manhajar nan ke hira da mutane da ita, ta mijinki ce? In na ce e, a rufe ta, tunda kamfanin da ya yi ta bai nemi izininka ba. In na ce a'a, mun faɗi.

Ga shi sun kunna. "Jama'a, ku matso kusa..." Har gyaran muryar nan, har ɗan shirun da kake yi kafin ka saki abin dariya a shirinka na rediyo — mai shago ya bar ciniki, direba ya rage gudu, kowa kunne a rediyo. Ɗan sandan bakin ƙofa ma murmushi yake. Wa ya iya zance kamarka? Kuma wane ɗan baiwa ne ya koya wa na'ura wannan? Ɓarawo ne, na sani, amma wallahi ya iya sata.

Kai kuma ga ka a keken marasa lafiya, tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke maka magana. Idonka a kan lasifika, leɓenka na motsi... bin ta kake?

Sai dai ita ba ta in'ina. Su ba su san kana yi ba. A gaban makirfo harshenka kamar ruwa, da ka shigo gida — "Gi-gi-gimbiya, akwai shayi?" Ina dariya, kana hararata. Wannan ba a taɓa ɗaukar ta a faifai ba, tawa ce ni kaɗai. To wacce ce muryarka? Doka ta san da biyu?

Jiya ina shanya, ka lallaɓa da hannunka mai lafiya ka danna manhajar a waya. Ta ce, "Gimbiya, sannu da aiki." Sumul, ba tuntuɓe. Na yi kuka, ka ɗauka na daɗi ne. Rabinsa na daɗi ne.

In na ce e, na ƙwato maka haƙƙinka, na sake rufe maka baki. In na ce a'a...

An kira ni. Na miƙe. Ka dube ni mana, Malam, ko da ƙifta ido ne. Lasifikar kake kallo.