Wutsiyar Dokin Baba Ango

Rahinatu, uwar Aziza, ta danne 'yar tsana tsakanin gwiwoyinta tana kitse mata kai, sai muryar maƙwabcinsu Baba Ango ta tsallako katanga.

"Wanga ba aikin yara ba ne! Da almakashi aka yi shi. Ku zo ku duba yadda aka daidaita yankan!"

Hannunta ya tsaya cak. Gashin da ke tsakanin yatsunta fari ne tas, dogo, yana sheƙi.

Ɗinkin 'yar tsana ne sana'arta. Takan kwaso guntayen ƙyalle wurin teloli ta ɗinka jiki, ta cusa auduga. Amma abin da ya sa har matan Maradi ke aiko a saya musu nata shi ne gashin. Ranar kasuwa takan bi mahauta ta karɓo bakin wutsiyar shanu, ta bi majema ta samo gashin akuya. Ta jiƙa da ruwan toka, ta wanke da sabulu har ƙarnin ya fita, ta shanya a inuwa, ta taje. Sannan ta ɗinke shi layi-layi a jikin ɗan ƙyalle, ta kafa a kan 'yar tsana kamar hula, ta yi mata kitso irin na mutane.

Madam Lailatu, shugabar jardan, makarantar ƙananan yara ta unguwarsu, ita ta ce a yi mata iyali guda don koya wa yara: uba, uwa, 'ya'ya da kaka. Ta ce kakar da furfura take son ta. Rahinatu ta zaga mahauta ba ta dace ba. Duk farar wutsiyar da ta samu ta rine da kashin shanu, kome wanki sai ta fito ruwan ɗorawa.

Shi kuwa dokin Baba Ango fari ne ƙal, yana ɗaure a turke bayan 'yar ƙofar da ta haɗa gidajen biyu. Ta so ta roƙa, sai ta tuna ko jikokinsa ba ya bari su taɓa dokin, balle a ce ita, matar Mudassir, na son wutsiya don kayan wasan yara. Jiya da azahar, da maza suka tafi masallaci, ta shiga da niyyar ta ɗan tsakuri kaɗan daga ƙasa. Dokin ya motsa, yankan ya karkace. Ta gyara, ya ƙara fitowa fili, ta sake gyarawa. Kafin ta ankara, abin da ke hannunta ya kai kaurin damtsenta.

Yanzu ta tura 'yar tsanar cikin kwalla ta rufe, ta lallaɓa ta leƙa ta jikin ƙofar.

Maza sun kewaye turken. Dokin yana ta kaɗa ɗan guntun da ya rage masa, ƙudaje na zaune abinsu a cinyarsa. Wani ya ce ai irin wannan asiri ake haɗawa da shi, a binne a bakin ƙofa don a karya mai gida. Baba Ango ya dafe ƙirji yana salati.

Ana cikin haka amalanken jaki ya tsaya a ƙofar gida. Rhissa ne, mutumin Tagriss da ke kawo wa unguwar ciyawa da harawa. Shi ke yi wa dokin wanka da share turke tun kafin a kawo Rahinatu unguwar.

"Wa ke shiga nan in ba shi ba?" Muryar mijinta Mudassir ce, hannunsa duk baƙin man babur, daga garejinsa ya rugo. "Baba, kada mu yi ta kewaye-kewaye."

"Rhissa," in ji Baba Ango, "wa ya aiko ka? Mi na yi maka?"

Rhissa ya daɗe yana duban wutsiyar. "Baba, ni da ke wanke ta da hannuna?"

"Shi ya sa dokin bai yi maka gardama ba! Maci amana. Kada ka sauke ciyawar nan. Kada in ƙara ganin ƙafarka a gidana."

Rhissa ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya juya kan jakin. Wajen juyawa idonsa ya faɗa kan 'yar ƙofar, ya ɗan tsaya a nan. Rahinatu ta ja da baya har ta yi tuntuɓe da turmi.

Da Mudassir ya shigo wanke hannu, ta zuba masa ruwa tana kallon ƙasa.

"Kin ji abin da Buzun nan ya yi? Gidan Alhaji Cindo ma sun ce sun daina karɓar ciyawarsa. Gobe za mu je wurin mai unguwa. Ke ma ki riƙa kulle ƙofar nan."

"To," ta ce.

"Lafiya? Na ga kamar zazzaɓi ke damun ki."

"Kaina ne."

Bayan ya fita ta ƙarasa kitson, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba. Ta jera 'yan tsanar a kwando, ta rufe da zane, ta nufi jardan.

Madam Lailatu ta fiddo su ɗaya bayan ɗaya ta jera a tebur. Da ta zo kan kakar sai ta yi guɗa, ta kira sauran malamai.

"Ku zo ku ga tsohuwa! Wallahi kamar ta buɗe baki ta yi faɗa. Rahinatu, ina kika samo wannan furfura haka?"

Malamai suka riƙa miƙa wa juna suna shafa kitson. Kowace shafa sai Rahinatu ta ji kamar mayafinta ake yayewa.

"Madam, ki ba ni ita. Ba ta ƙare ba."

"Mi ya rage mata? Ni ban ga kome ba."

"Akwai saura," ta ce, ta karɓe ta cusa cikin mayafi, ta fita ko sallamar kirki ba ta yi ba.

Ba ta koma gida ba. Ta bi ta bayan tasha, ta ratsa 'yan kabu-kabu da ke ta kiran fasinjan Sabon Maci, har ta isa inda masu ciyawa ke tsayawa. Ta hango Rhissa a gindin wata aduwa, amalankensa cike kamar yadda ya fito da shi da safe. Ya kwance jakin yana ba shi ruwa a kwano.

Ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba. Ta buɗe mayafin ta nuna masa 'yar tsanar. Sannan ta yi magana.

"Malam Rhissa, ni ce."

"Na sani," ya ce. "Jiya na zo ba dokin ruwa, na ga fitarki ta ƙaramar ƙofa. Da na shiga na ga wutsiyar."

"Ka sani? To mi ya hana ka faɗi da safe?"

"Na ce ko ke za ki faɗi. Na ma dube ki." Ya ɗauke kwanon ya zubar da sauran ruwan a gindin itacen. "Kuma mijinki na tsaye a wurin, cikin mutane. Ta ina zan fara kiran sunan matarsa?"

Hawaye ya zubo mata. Ta ce ya yafe mata don Allah, ba ta yi nufin abin ya kai haka ba, furfura kawai take nema.

Rhissa ya miƙa hannu ya karɓi 'yar tsanar, ya juya ta, ya duba yadda aka dasa gashin. Ya miƙo mata.

"Aikin ya yi kyau. Ni na yafe miki, uwar Aziza. Amma ba a nan aka kira ni maci amana ba. Ɗiyata na karatu lakwal ɗaya da jikokin Baba Ango. Kafin a tashi yau ta ji."

Ya koma ga jakinsa. Ta ɗan jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba.

An idar da sallar la'asar sa'ad da ta shigo layinsu. Kamar kullum an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baba Ango. Tsohon na jingine da bango da carbi a hannu, Alhaji Cindo na gefensa, Mudassir ya tsuguna yana fifita gawayin shayi. Tun daga nesa take jin sunan Rhissa a bakinsu.

Ƙofar gidanta na nan a buɗe, taku kaɗan ya rage ta shige. Ta tsaya. Sai ta karkata wajen tabarmin, ta tuɓe takalmanta, ta durƙusa a bakin shimfiɗar.

Hira ta yanke. Mudassir ya saki mafici.

"Ke Rahinatu, mi ya kawo ki cikin maza? Shiga gida, ina zuwa."

Ba ta dube shi ba. Ta zaro tsohuwar daga mayafi da hannu biyu, ta ajiye ta a kan tabarma gaban Baba Ango.

"Baba," ta ce, "kafin ku je wurin mai unguwa, ina da magana."